Baba Mvene da Ƙwallon da Ya Rantse Ba Ta Juyawa

Idan ka shiga unguwar Kilomita Biyar a Bangui ka tambayi shagon Sharafaddeen, kallon baƙo za a yi maka. Amma ka ce Baba Mvene, ko ƙaramin yaro zai kai ka har ƙofa. Mvene da yaren Sango ƙarya ke nan, kuma ba don mutumin maƙaryaci ba ne sunan ya bi shi. Allah dai ya yi shi ba ya iya ganin ƙarya ya wuce, ko a bakin mutum take ko a fuskar talabijin. Sai ya miƙe tsaye, ya nuna ta da yatsa, ya ƙwala ihu da sunanta, har masu awo a bakin kasuwa su waiwayo.

Kakansa ya zo Bangui daga Maraɗi da fataucin fata, ubansa ya zauna a kasuwa yana sayar da ƙusa da kwaɗo da fenti. Shi ma an zaunar da shi a shagon, amma ina! Mutum zai zo sayen kwaɗo, Sharafaddeen ya ce masa wannan ko akuya ta girgiza shi zai buɗe, ya tafi shagon gaba. Uban ya yi faɗa har ya gaji. Da tsohon ya rasu sai ya bar wa ƙannensa ƙusoshinsu, ya kama wani ɗaki a bayan kasuwa, ya sa talabijin biyu da bencina da na'urar wasan bidiyo, samari suna zuwa suna buga ƙwallon ƙafa da yatsu. Shi kansa bai taɓa riƙe manet ba, wato abin latsawar nan da suke kamawa hannu biyu. Aikinsa ya zauna a bakin ƙofa da kofin shayi, gajere mai ƙaton murya, hula a ƙeya, yana musu da talabijin tun safe har la'asar.

A gefen ƙofar matarsa Nuriyya take suyar makala, fanken nan na Bangui, ta sayar wa samarin. Uwarta 'yar unguwar Miskine ce, saboda haka Sango ya fi zama a bakinta, kuma akwai al'adun mijinta da har yau dariya suke ba ta. Babbar cikinsu ita ce kunyar ɗan fari. Siddiq shi ne ɗansu na fari, dogo siriri, ya ɗauko zuciyar uban tsaf, amma tun ranar suna Sharafaddeen bai taɓa furta sunansa ba. Sai dai “kai”, ko “yaron nan”, ko “wancan”. Ba ya yaba masa, ba ya zama da shi su yi hira, ko ciwo yaron yake sai dai ya tsaya daga waje ya tambayi uwar. Haka ya ga ubansa ya yi masa. Nuriyya kuwa da gangan take ƙwala wa yaron kira da sunansa a gabansa, ta ce ita ba ta haifi “wancan” ba.

Akwai wani faifan wasan kurket a shagon, kuskure ne ya kawo shi. Kafin tashin hankali, wani direba ya kawo masa kwalin faifai daga Duwala, sai ga wannan a ciki: wasu mutane sanye da farare fat kamar za su Idi, ɗaya yana riƙe da katako mai faɗi. An sa shi sau ɗaya, babu wanda ya gane inda aka dosa, ga Turancin Ingilishi da ba mai ji. Sharafaddeen ya mayar da shi gidansa na roba, ya cusa shi ƙarƙashin ƙafar tebur mai gurgunta, aka manta da shi.

Sai ƙarshen shekarar 2013 ta zo da abin da ta zo da shi. Ba sai na tsaya ba da labarin ba, kowa ya ji. Yaƙi ya ɓarke, gari ya rabu, maƙwabtan jiya suka daina gaisawa, manyan motoci suka yi ta kwasar iyalai zuwa Chadi da Kamaru. Ƙannen Sharafaddeen suka tafi, shi ya ce a nan aka yanke masa cibiya, ba inda za shi. Waɗanda suka rage suka zama kamar an kulle su a ɗaki. Ba a tsallaka gadar Yakité, ba makaranta, ba filin ƙwallo, kaya ba sa shigowa sai jefi-jefi. Samari majiya ƙarfi suka wayi gari ba abin yi, sai zama da jin labarin wanda aka kashe.

A lokacin ne Badaru ya yi suna. Ɗan acaɓa ne a da, yanzu ya samo bindiga da tabarau, ya tara samari a wata rumfa kusa da bakin unguwa suna cewa su ne masu tsaro. Gaskiya akwai ranakun da tsaron suka yi. Akwai kuma ranakun da suke hawa mashina su fita ramuwa, wasu su dawo, wasu a dawo da su. Cikin waɗanda aka dawo da su har da Uwaisu, aminin Siddiq tun suna makarantar allo. A cikin unguwa aka binne shi, domin hanyar maƙabarta ta toshe.

Faifan ƙwallon ƙafa ya riga ya goge don yawan sawa, abin da ya rage a shagon shi ne na harbe-harbe. Daga wurin jana'izar Sharafaddeen ya wuce shago kai tsaye, ya tarar da yara suna bugawa. Ya tsaya ya ga an harbe sojan cikin talabijin ya faɗi, can sai ya tashi garau ya ci gaba da gudu. Ranar bai yi ihu ba. Ya zare faifan ya karya shi biyu a gwiwarsa, ya jefa a murhun Nuriyya.

To, shago ya zama ba wasa, kuma cikin 'yan kwanaki aka fara ganin Siddiq a rumfar Badaru. Bai ɗauki bindiga ba tukuna, zama kawai yake, ana aikensa sayen sigari. Amma Sharafaddeen ya san daga inda Uwaisu ya fara. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, abinci ya daina wuce masa. Yana so ya kama hannun yaron ya ce masa kada ka tafi, ba zan iya binne ka ba. Bakin ya ƙi. Duk sanda ya buɗe shi sai faɗa ya fito, yaron kuma ya ƙara nisa. Wata safiya yana zaune yana girgiza tebur da ƙafa don takaici, idonsa ya faɗa kan abin da ke ƙarƙashin ƙafar teburin.

Ya aika aka kira “wancan”, ya ce ya zo ya duba ko wannan tarkacen yana aiki. Yana aiki kuwa. Wuta ba ta zuwa sai ta ga dama, amma akwai batirin mota da faifan sola a kan rufi, suna ɗaukar talabijin guda. Siddiq ya zauna don ya gwada na minti biyu, bai tashi ba sai da aka kira azahar.

Kai, abin da aka yi a shagon nan cikin makonnin da suka biyo baya sai wanda ya gani! Ba mai jin Turancin, ba littafi, ba wanda za a tambaya. Da laluben hannu suka gano wasan, kowa ya gano wani abu sai a yi sowa. Mai jifa ya sheƙo a guje ya jefa ƙwallo, mai katako ya doke ta, ya ruga ya dawo, a ba shi maki. A bayansa akwai sanduna uku a kafe, suka sa musu suna murhu, idan ƙwallo ta buge murhu ka fita. Idan an cafe ta a sama ma ka fita. Wanda ya dake ta ta tsallake igiyar fili gaba ɗaya, maki shida ne. Ranar da Siddiq ya fara cin shida, an ɗaga shi sama da bencinsa, Nuriyya ta ƙone makala kasko guda tana leƙe. Ɗakin ya cika har taga, har samarin Badaru suka fara zamewa suna zuwa.

Shi kuwa Baba Mvene ya samu gona sabuwa. Wallahi wasan nan cike yake da ƙarya, kuma ko ɗaya ba ta wuce shi ba. Ya ce a duba 'yan kallo: mutum guda ne mai rawayar riga aka zuba ko'ina, a gabas shi ne, a yamma shi ne, kuma duk tare suke ɗaga hannu kamar an ja su da zare. Ya ce mutum ya zame a kan ciyawa da farin wando ya tashi ba ko ɗigo, a kawo masa sabulun da suke wanki da shi. An buga wasa daga hantsi har yamma inuwa ba ta matsa ba. Ƙwallo ta ratsa ta tsakiyar katako kamar aljana. Wani ta same shi a fuska da gudun da zai zubar da haƙoran jaki, ya tsaya yana murmushi. Mai tsaron fili ya juya baya ya jefa, ta je ta buge murhu daidai. Wani ya bi ƙwallo ya shige cikin allon talla ya fito ta bayansa. Alƙalin wasa, wani mai malafa, ya ɗaga yatsa ya kori mutum alhali ƙwallon tana can wani gari. Mai sharhi kuma jimla ɗaya yake maimaitawa, har yara suka haddace ta ba su san ma'anarta ba. Kowacce sai Sharafaddeen ya miƙe ya ƙwala mata “Mvene!”, ɗaki ya ɗauki dariya.

Rannan musu ya yi zafi a kan ko mutum zai iya dukan ƙwallo ta yi nisan da suke gani. Sharafaddeen ya ce surutu ya isa, a fita a gwada a ƙasa. Akwai garejin manyan motoci a bayan layinsu, mai shi ya tafi Garwa-Bulai ya bar shi wayam, fili ne shimfiɗaɗɗe mai jar ƙasa da bishiyar mangwaro a kusurwa. Aka feƙe katakon akwatin kaya, aka kafa rodi uku, aka samo ƙwallon tanis aka naɗe ta da baƙin salatif na masu gyaran wuta. Daga ranar ya zama al'ada: duk ƙaryar da aka kama a talabijin da safe, bayan la'asar sai a kai ta gareji a yi mata shari'a. Wadda aka iya yi a ƙasa ta zama gaskiya, wadda ta gagara ta tabbata mvene. Kafin a farga, shari'a ta koma wasa sosai, da ƙungiya biyu da 'yan kallo a kan katanga. Tsoho Audi tela ya sa malafa ya zama alƙali.

Abin dariyar shi ne, da yake talabijin ce kaɗai malaminsu, har kurakuranta suka kwasa suka mayar doka. A cikin wasan, idan mai tsaron fili ya ɗauki ƙwallo sai ya sandare na ɗan lokaci kafin ya jefa, na'urar ce take sarƙewa. Su kuwa suka ɗauka ladabin wasan ne. Sai ka ga ƙato ya sheƙo a guje, ya cafki ƙwallo, ya ƙame ƙiƙam yana kallon sama, sannan ya jefa. Suka sa mata suna tsayuwar ladabi, wanda ya karya ta Audi ya ci shi tara.

Wata rana motar sojojin kiyaye zaman lafiya ta tsaya a bakin garejin. Wani soja ɗan ƙasashen Asiya mai gashin baki ya leƙo, ya ga kurket a tsakiyar Kilomita Biyar, ya riƙe baki. Da ya ga tsayuwar ladabi kuwa, dariya ya yi har ya jingina da mota. Da guntun Faransancinsa da hannuwa ya fahimtar da su babu wannan a wasan. Sharafaddeen ya matso da sauran ƙararrakinsa. Tashi shan shayi ana tsakiyar wasa fa? Sojan ya ce gaskiya ne. Goga ƙwallo a wando? Gaskiya ne. A yi kwanaki ana wasa ɗaya a tashi ba wanda ya ci? Shi ma gaskiya ne. Samari suka yi ta tsalle, yau an kama Baba Mvene. Shi kuwa ya gyara hula ya ce ai sojan ma talabijin yake kallo. Tsayuwar ladabi kuma ba a soke ta ba, an riga an saba.

Akwai ƙarya guda da ta fi tsaya masa a rai, ita ce kuma Siddiq ya tambayi sojan. A wasan akwai mai jifa da ba ya gudu, yana zuwa a hankali kamar mai ciwon ƙafa, ya saki ƙwallo ta nufi gefe, ta dira ƙasa, sai ta karya kwana ta dawo ta buge murhu. Sharafaddeen ya rantse ƙwallo ba ta da sitiyari, abin da ka jefa hagu hagu zai tafi. Siddiq ya ce ana iyawa. Sojan ya ɗauki ɗanyen mangwaro a ƙasa, ya riƙe shi da yatsu uku, ya murɗa wuyan hannu ya nuna wa yaron sau biyu, aka busa masa hon ya tafi.

Shi ke nan, Siddiq ya kama. Da sassafe yana gareji shi kaɗai yana jifan rodi, da rana yana gaban talabijin yana kallon hannun mai jifan, da yamma ya koma. Yatsansa ya tsage ya ɗaure da tsumma. Rumfar Badaru ta daina ganinsa sai wucewa. Ana cikin damina, wata yamma ƙasa ta ɗan yi danshi, ya saki ƙwallo ta dira ta juyo, ba da yawa ba, kamar taƙi guda, amma kowa ya gani. Sharafaddeen ma ya gani, zuciyarsa ta yi tsalle kamar ta fito. Sai ya tuna idan ya ce gaskiya ne, musu ya ƙare, yaron kuma ya samu lokacin zama a rumfa. Ya kurɓi shayi ya ce tsakuwa ta taka.

Aka share filin tas, ta sake juyawa, ya ce iska ce. Aka jira iska ta kwanta, ya ce salatif ɗin ne ya kwance gefe guda. Aka sake naɗewa, ya ce shi lokacin yana kallon wani wuri. Mutumin da ya bar gadon ubansa don ba zai iya yabon kwaɗo ba, ga shi yana shirga ƙarya ƙiri-ƙiri a gaban jama'a, kullum da sabuwa. Samari suka fara cewa tsufa ya kama Baba Mvene, wasu suka ce girman kai ne. Abin yana ci masa rai, don sunansa shi ne duk abin da ya mallaka. Siddiq kuwa haushi kamar ya kashe shi, ya ce sai ya juya ƙwallon nan juyin da ko makaho zai shaida.

Nuriyya ce kaɗai ta gano shi. Wata safiya tana kwaɓa fulawa ta ce masa, ba tare da ta ɗago ba, ita dai ta ga ƙwallo ta juya.

“Na gani,” in ji shi.

“To ka faɗa masa mana. Yaron nan kalma ɗaya yake nema a bakinka.”

“In na ba shi, da me zan riƙe shi?”

Ta ci gaba da kwaɓinta.

Ranar da ake tsoro ta zo wata Asabar. Labari ya shigo an tare wani ɗan unguwa a hanya, kafin azahar unguwa ta ɗauki zafi, shaguna suka rufe. Badaru ya sa aka jera mashina a gaban rumfa, ya ce bayan la'asar za a fita, duk namiji ya zo. Nuriyya ta shigo shago a guje ba ko mayafi, ta ce Siddiq ya sa takalmin Uwaisu da uwar mamacin ta ba shi, ya tafi rumfa.

Sharafaddeen ya miƙe. Ya san idan ya je ya ce dawo gida, a gaban abokansa, yaron ba zai dawo ba. Sai ya yayyaga kwali ya ɗaure a ƙwaurinsa da igiya irin yadda masu katako suke yi a talabijin, ya kifa tsohuwar hular kwano, ya ɗauki katakon da bai taɓa riƙewa ba, ya fito titi. Jama'a, ku zo ku ga gajeren mutum da kwali a ƙafa yana tafe yana shela da Hausa da Sango! Yana cewa yau ƙarya za ta ƙare, akwai wani yaro a unguwar nan da yake cika baki wai yana juya ƙwallo, to ga shi shi da kansa zai tsaya a gaban murhu. Yara suka biyo shi, mata suka leƙo, har ya isa gaban rumfar Badaru da zuga a bayansa.

Siddiq yana zaune a bayan wani mashin. Uban bai ko dube shi ba, ya fuskanci jama'a ya ce jifa shida ake yi a wasan, ya ba wancan shida. In ya kayar masa da murhu da ƙwallo mai juyawa, zai faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa shi ne ya yi kuskure. In kuwa ya hau mashin ya gudu, to unguwa ta shaida maƙaryaci ne.

Badaru ya ce wannan wane irin shirme ne ana maganar jini, tsoho ya kauce. Amma kalmar ta riga ta shiga. Siddiq ya sauko, idonsa jajir, ya ce wa Badaru jifa shida ne kawai, a jira shi. Da yawa cikin masu mashinan 'yan wasan gareji ne, kuma sun daɗe suna jiran ranar da za a ga Baba Mvene ya ci ƙasa. Suka ce ai ba za a jima ba, suka bi. Garejin ya cika maƙil, har kan mangwaro.

Nan fa Sharafaddeen ya nuna shi ɗan kasuwa ne. Ya ce rodin ya karkace a gyara. Ya ce a auna filin da taku, aka auna, ya ce takun Audi gajere ne a sake. Jifan farko ya kai mata duka ya sami iska, ta wuce gefe, wanda ya ɗauko ta ya manta tsayuwar ladabi, ya ce sai an yi shari'ar wannan. Jifa na biyu ta same shi a kwali, ya zauna ya kwance ya sake ɗaurewa a natse. Bayan na uku sai ya ajiye katako ya ce lokacin shayi ya yi. Aka yi caa, ana cewa ba shi ne ya ce shayin mvene ne ba? Ya ce soja ya ce gaskiya ne, shi kuma ya karɓa. Nuriyya, Allah ya yi mata albarka, sai ga ta da buta da kofuna kamar dama jira take, tana zubawa a hankali. Ana dariya, ana zagi, ana tafi. Can waje Badaru yana ta danna hon. Da ya gaji sai aka ji mashina sun tashi, ba su kai rabin waɗanda aka jera ba. Siddiq ya waiwaya ƙofa, uban ya buga katako a ƙasa ya ce saura uku, ko an fasa ne?

Na huɗu ta juya kaɗan ta wuce murhu da yatsa. Na biyar, Siddiq ya goga ƙwallon a wandonsa, ya tako a hankali, ya murɗa hannu har sai da aka ji yatsunsa sun yi ƙara. Ta tafi can gefe kamar ta ɓace hanya, Sharafaddeen ya miƙa katako yana binta. Ta dira, ta karyo kwana ta bayan ƙafafunsa, ta daki rodin tsakiya ya yi ƙara kamar ƙararrawa.

Garejin ya fashe. Amma sama da duk ihun an ji muryar Baba Mvene, ya jefar da katako, hannu biyu a sama, yana tsalle da kwalinsa: “Ta juya! Siddiq, ta juya! Siddiq!”

Sai da sunan ya fita sau biyu sannan ya ji abin da ya faɗa. Tsofaffin wurin suka dubi juna, Audi ya cire malafa, Nuriyya ta sa gefen zane a fuska. Yaron ya tsaya ƙiƙam a inda ya saki ƙwallon, bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba. Ana cikin haka aka fara jin harbi daga wajen gada, nesa amma ba ƙaƙƙautawa. Wurin ya yi tsit. Cikin waɗanda suka bi Badaru ranar, biyu ba su dawo ba, amma lokacin ba wanda ya sani tukuna. Siddiq ya sake duban ƙofa.

Sharafaddeen ya cire hular kwano, gumi yana zuba. Ya ce ya faɗa a gaban kowa, ƙwallo tana juyawa, shi ne ya yi kuskure. Sannan ya share murya ya ce amma akwai wata da ya gani a talabijin, wadda take lanƙwasa tun tana cikin iska, ba ta ko taɓa ƙasa ba. Wannan kam mvene ce, ba ɗan Adam da zai iya.

Siddiq ya daɗe yana kallonsa. Ya ga idon uban ba a kan ƙwallo yake ba, a kan takalmin Uwaisu yake. Ya tuna tsakuwa, ya tuna iska, ya tuna salatif.

“Baba, wannan za ta ɗauki lokaci fa,” in ji shi a hankali. “Kun san ta fi wuya.”

“Ta ɗauka,” in ji Sharafaddeen. “Ina za ni? Ina nan.”

Yaron ya zauna a ƙasa ya kwance takalman, ya miƙa wa uwarsa ta riƙe. Ya je ya ɗauko ƙwallon a gindin mangwaro, ya ce wa Audi a gyara rodin, saura jifa ɗaya.